Filin wasa na Abuja: ba a fafe gora ranar tafiya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk wanda ya baro filin jirgin sama zai shiga Abuja, kafin ya gama kallon ƙofar gari idonsa zai faɗa kan wani katafaren gini mai farin rufi. Filin wasa na ƙasa ke nan, wanda aka buɗe a 2003 zamanin Obasanjo domin wasannin Afirka karo na takwas. Yana ɗaukar mutum sama da 60,000, kuma a harabarsa akwai zauren wasanni na cikin gida, da wurin ninkaya, da filayen tanis, da da'irar tseren keke. A 2019 Buhari ya sa masa sunan Moshood Abiola.

To, abin da ya dame ni shi ne, ƙasa mai wannan fili ta kwashi Super Eagles ta kai Uyo, can suka buga wasanninsu na gida na neman gurbin kofin duniya na 2026. Babban birnin tarayya ya kasa karɓar baƙuncin ƙungiyar ƙasarsa saboda ciyawa. Ciyawa fa, jama'a!

Ba don ba a taɓa gyarawa ba. A 2020 Alhaji Aliko Dangote ya ɗauki nauyin sabunta filin, aka shimfiɗa sabuwar ciyawa, aka kafa allunan nuna sakamako. A Maris na 2022 aka buga da Ghana. Da shekara ta zagayo, Guinea-Bissau ta zo ta ci mu ɗaya da nema, a kan filin da kowa ya gani a talabijin: nan kore, nan ja, ƙwallo tana tsalle kamar a kan kunyar gona.

Na san abin da za a ce: ai 'yan kallo ne suka yi ɓarna ranar da aka tashi kunnen doki da Ghana. Sun yi, kuma ba su kyauta ba, har FIFA ta ci tarar Najeriya. Amma tattakin dare ɗaya ba ya kashe ciyawar da ake shayarwa safe da yamma. Rashin kula ke kashe ta. Ciyawa abu ne mai rai, tana son ruwa, da taki, da aski a kan kari, da mutumin da wannan ne aikinsa kullum, ana biyansa a ƙarshen wata. Mu kuwa sai wasa ya rage mako biyu ake tuna da ita, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma daga ina kuɗin kula zai fito idan wuri a rufe yake? An gina harabar nan ne don ta yi aiki iri-iri, ba don ƙwallo sau uku a shekara ba. Ku dubi Kigali, babban birnin Ruwanda. Zauren wasanninsu da aka buɗe a 2019 mutum 10,000 kawai yake ɗauka, amma an ba kamfani ya gudanar da shi, banki ya biya aka sa sunansa, yau ƙwallon kwando, gobe taro, jibi wasan mawaƙa. Mu kuwa akwai lokacin da aka mayar da da'irar tseren kekenmu rumbun ajiye murhunan girki. Wallahi abin da ciwo.

Ina da ɗar-ɗar game da miƙa wurin ga ɗan kasuwa, domin yana iya tsawwala kuɗin shiga ya kori talaka. Amma yau ma talakan yana ciki ne? Ku bi hanyar Lugbe da la'asar, ku ga yara suna buga ƙwallo a jar ƙasa, takalman roba biyu ne ragarsu, ƙura har gira. Tafiyar mintuna kaɗan ce tsakaninsu da wannan fili, kuma da yawansu daga tagar mota kawai suka san shi.

Filin Surulere na Legas, inda muka ɗaga kofin Afirka a 1980, haka ya fara: aka rage zuwa, aka daina kula, ya koma kango. Hanyar nan Abuja ta kama.

Don haka ina kira ga hukumar wasanni ta ƙasa, kafin a sake ba da wata kwangilar gyara, ta fito ta gaya mana wa zai shayar da ciyawar nan ranar da babu wasa, da wane kuɗi, kuma kwana nawa a shekara ƙofar za ta kasance a buɗe ga makarantu da ƙungiyoyin unguwa.