Darasi: Saƙon Istirojin da Yake Tsayawa a Zaure

Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu ɗan shiga cikin kai, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda wata 'yar ƙaramar gaɓa take zaune cikin wani gurbi na ƙashi. Sunanta fituyitari. Girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinta kamar rabin giram ne, amma ita ce take sakin sinadaran saƙo biyu cikin jini, LH da FSH, masu tafiyar da al'adar mace da fitar ƙwai, ita ce kuma take sakin furolaktin mai kawo ruwan nono.

To, wa yake gaya mata lokacin da za ta saki, da lokacin da za ta riƙe? Cikin masu ba ta saƙo akwai sinadarin istirojin, wanda yake tasowa daga ma'ajiyar ƙwan mace ya biyo jini.

Ku ɗauki ƙwayar halitta ɗaya tamkar gida. Akwai katanga, akwai zaure, can ciki kuma akwai turakar maigida, inda aka ajiye littafin gado, wato DNA. Abin da aka daɗe ana karantarwa, tun bayan aikin Elwood Jensen a ƙarshen shekarun 1950, shi ne istirojin yakan ratsa katanga ya shige ciki, ya haɗu da mai karɓarsa, su buɗe littafin nan, a fara ƙera sababbin furotin. Wannan gaskiya ne. Sai dai aiki ne mai cin awanni.

Ga inda gizo yake saƙa. A 1967, Clara Szego da abokin aikinta sun ga istirojin ya canja wani sinadari a mahaifar ɓera cikin daƙiƙa 15. Daƙiƙa 15, jama'a! Babu yadda za a buɗe littafi, a karanta, a ƙera furotin cikin wannan lokaci. Ke nan akwai wanda yake karɓar saƙon tun daga zaure. An daɗe ana yi wa wannan magana kallon hadarin kaji, kuma ni a ganina ba a kyauta wa baiwar Allahn nan ba.

Yanzu an san masu tsaron zauren. Ɗaya shi ne ER-alfa, wato dai mai karɓar istirojin ɗin nan na cikin turaka, amma an liƙa masa wani ɗan maiƙo da yake manne shi a jikin katanga. Na biyu shi ne GPR30, wanda a 2005 aka nuna yana kama istirojin, daga baya aka raɗa masa GPER.

Mu dawo kan fituyitari. Cheryl Watson, a jami'ar Texas da ke Galveston a Amurka, ta yi aiki da ƙwayoyin fituyitarin ɓera masu yin furolaktin. Da an ɗiga musu istirojin kaɗan, sai ƙofofin kalsiyam su buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki, cikin minti ɗaya furolaktin ya fara fita. Ku lura, ba sabo aka ƙera ba. Wanda yake ƙunshe a ajiye ne aka zazzage. Ƙera sabo da ƙara yawan ƙwayoyin, kamar yadda fituyitarin mai juna biyu take ƙara girma, wannan aiki ne na dogon lokaci.

LH kuwa akasin haka ne, kuma a nan gwajin ya fi burge ni. A jami'ar jihar Colorado, Terry Nett da ɗalibinsa sun yi amfani da tumaki waɗanda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai. Suka ɗaure istirojin da wani ƙaton furotin na jinin shanu, don ya yi girman da ba zai iya ratsa katanga ba. Kamar baƙon da ya ɗauko buhu a ka, ƙofar ciki ta yi masa kaɗan, dole ya tsaya a zaure. Duk da haka, LH ya ragu nan da nan. Daga zauren nan saƙon ya isa: a dakata. Ƙwayoyin fituyitarin sun rage jin kiran GnRH, sinadarin da yake saukowa daga ƙwaƙwalwa yana umartarsu su saki LH.

Kar ku rikice. Wannan istirojin ɗin, idan ya yi yawa ya kuma daɗe a jini har kwana biyu, shi ne yake jawo ambaliyar LH wadda ƙwai yake fita kimanin awa 36 bayan farawarta. Riƙewar gaggawa daban, ambaliyar daban, ita tana bukatar a shiga turaka.

Akwai abu ɗaya da yake damuna. Masu tsaron zauren nan ba su da tsananin bincike. Ɗakin gwajin Watson ya nuna wasu sinadarai masu kama da istirojin, har da wasu magungunan ƙwari da kuma bisfenol A na cikin wasu robobi, suna iya taɓa su ko da ɗan mitsitsi ne, su sa kalsiyam ya shiga, wasu ma su sa furolaktin ya fita. A kwanon gwaji aka ga haka, a ƙwayoyin ɓera, don haka kada kowa ya tayar da hankalinsa. Amma mai feshin gona, don Allah ka rufe hanci, ka wanke hannu kafin ka ci abinci.