Murya Biyu, Waƙa Ɗaya: Lacca kan Ossie Davis da Ruby Dee

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan uwa ɗalibai, iyayenmu mata da ke zaune can baya, barkanku da yamma.

Yau Amurka za mu leƙa, wurin wasu mata da miji, baƙaƙen fata, 'yan wasan kwaikwayo: Ossie Davis da Ruby Dee. A dandamalin wasa suka haɗu a birnin Niyok a 1946, aka ɗaura aure a 1948, ba abin da ya raba su sai rasuwar Ossie a 2005. Duniya ta fi saninsu da fim. Ni kuwa abin da ya kama mini zuciya game da su shi ne karatun waƙa a gaban jama'a.

A zamaninsu, baƙar fata bai cika samun rawar kirki a fim ba, sai ta bara ko kuku. Su biyun ba su zauna jiran a kira su ba. Suka ɗauki waƙoƙin mutanensu suka shiga coci-coci, makarantu da zaurukan ƙungiyoyin ƙwadago suna karantawa. Babu kayan ado, babu makaɗi. Takarda ce kawai da maƙogwaro. Daga baya abin ya kai rediyo a shekarun 1970, ya kai talbijin a farkon shekarun 1980.

Cikin mawaƙan da suka riƙe akwai Langston Hughes na unguwar Harlem, wanda ya rasu a 1967. Bayan rasuwarsa suka naɗi waƙoƙinsa a faifai. Akwai wadda ya wallafa tun 1921, yana ɗan saurayi, inda ya jero koguna: Furatu, Kwango, Nilu, Misisifi. Na sha karanta ta a takarda, ban ji komai ba sai sunaye. Ranar da na ji ta a bakin mai karatu, aka ja sunan kowane kogi aka bar shi ya kwanta kafin a kira na gaba, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne. Wanda ya taso yana jin makafi na rera Imfiraji ta Aliyu Namangi a bakin kasuwa ya san waƙa ba ta cika sai kunne ya karɓe ta.

To, me zama tare ya ƙara musu? Sauraro. Muryar Ossie kakkaura ce, mai nauyi, irin wadda ta ɗauki jawabin bankwana a jana'izar Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, a 1965. Ta Ruby siririya ce, mai kaifi, mai saurin juyawa. Idan suna karɓa-karɓa, ba ka jin ɗaya na ƙoƙarin danne ɗaya. Ya san inda za ta ja numfashi, ta san inda zai yi shiru. Ɗalibai, wannan ba a koyon sa a atisayen mako biyu. Shekara 56 suka yi ƙarƙashin rufi ɗaya.

Abin da ke damuna da masu karatunmu na yanzu shi ne gaggawa. Yaro zai riƙe makirufo ya zubo baiti goma kamar ana korar sa, abokinsa na gefe yana jiran layinsa kawai, bai ji ko kalma ɗaya ba.

Bari in kunna muku faifan. Ku kasa kunne ga shirun da ke tsakanin baitoci. Ɗana mai na'ura, ɗaga sautin kaɗan saboda na baya.