Lacca: Itacen fulam na Toka, mai jure sanyin Dakota

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai. Yau zan yi magana ne a kan wani nau'in fulam, wato ɗan itacen nan na ƙasashen sanyi mai ƙwallo ɗaya a ciki, kamar tsada amma ya fi ta girma da tsoka. Sunansa Toka, kuma kada ku ɗauka tokar murhu ake nufi, domin Niels Hansen, masanin da ya samar da shi, ya saba raɗa wa itatuwansa sunaye daga harshen ƙabilar Siyu, 'yan asalin yankin Dakota a Amurka.

Hansen haifaffen Denmak ne, ya yi aiki a kwalejin noma ta Brookings da ke Dakota ta Kudu a Amurka, inda hunturu ke kashe fulam ɗin Turai. Sai ya barbara fulam na daji na Amurka, wanda ya saba da ƙanƙara, da wani na Sin mai ƙamshi, ya fitar da Toka a 1911. Daga na dajin ya gaji juriya, har yana tsallake sanyin da ya kusan digiri 40 ƙasa da sifili. Daga na Sin kuwa ya gaji ƙamshin da ya sa Amurkawa ke kwatanta shi da cingam. Fatarsa ja ce, tsokarsa rawaya, 'ya'yan ba su cika girma ba.

A ganina, babban amfaninsa ma a furensa yake. Ire-iren fulam da aka barbara, irin su Superior na Jami'ar Minesota, ba sa yin 'ya'ya sosai su kaɗai, sai ƙudan zuma sun kawo musu garin fure daga wani iri, kuma na Toka yana da yawa yana da kyau, shi ya sa manomi kan dasa shi a tsakiyar lambu.

Ba a shuka ƙwallonsa, aure ake yi masa, kamar yadda muke yi wa mangwaro. Yana son rana da ƙasar da ba ta riƙe ruwa, kuma a ƙarshen hunturu ake sassabe rassansa don iska ta ratsa.

Wani zai ce mu kawo shi Kano. Sai dai itacen ba ya fure da kyau sai ya kwashe ɗaruruwan sa'o'i cikin sanyin da bai kai digiri 7 ba, kuma hunturunmu ba ya ba shi wannan.