Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamna daga Al'ummar Gudu

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai girma Gwamnan Jihar Sakkwato, iyayenmu sarakuna, malamai da sauran manyan baƙi, a madadin al'ummar Ƙaramar Hukumar Gudu muna yi muku barka da zuwa hedikwatarmu, Balle. Ranka ya daɗe, adalcinka da tausayinka ga talaka ba su buƙatar shaidarmu, saboda haka ba za mu tsaya a kansu ba. Buƙatarmu ta farko ita ce hanya, kuma ka riga ka ɗanɗana dalilinta a cikin mota tun kafin ka sauka.

Wannan ƙasa da ka taka ba baƙuwa ba ce a tarihi. Nan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel a shekarar 1804, nan jama'a suka yi masa mubaya'a a matsayin Amirul Muminina, kuma a Tafkin Kwatto aka gwabza da rundunar Yunfa Sarkin Gobir a cikin wannan shekara, Allah ya ba jama'a nasara. Gudu ta karɓi Shehu tun ba a gina birnin Sakkwato ba. Abin da ke yi mana ciwo shi ne ana tuna sunanmu a wa'azi da ɗakin karatu, amma idan aka zo rabon ayyuka sai a ɗauko alƙaluman ƙidaya, a ce ba mu da yawa.

Gaskiya ne ba mu da yawa. Ƙidayar 2006 ta ba mu mutum 95,544 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 3,478, wato da kaɗan Jihar Legas gaba ɗayanta ta fi mu girma, ita da aka ƙidaya mata sama da mutum miliyan 9. Bisa wannan ƙidaya, a nan kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da mutum 27 ko kusa da haka, alhali a Ƙaramar Hukumar Sakkwato ta Arewa da ke cikin birni adadin ya haura 4,000. Ma'anar wannan a aikace ita ce rijiyar burtsatse ɗaya a cikin birni tana shayar da unguwa guda, asibiti ɗaya yana isar dubban gidaje da tafiyar ƙafa, mu kuwa sai an haƙa rijiya a kowane ƙauye da ruga, sai an ja wayar lantarki mai tsawo saboda gidaje kaɗan. Mai allurar rigakafi yakan ƙona man babur na yini guda don ya kai ga yaran da ma'aikacin birni zai gama da su kafin azahar. Malamin makaranta da ungozoma kuma, in aka turo su, wahalar hanya ke mayar da su inda suka fito.

Ba mu ce birni ba shi da nasa nauyin ba, domin mun san cunkoson ajujuwa da shara da magudanun ruwa suna cin kuɗi. Sai dai can taron jama'a yana rage tsadar aiki a kan kowane mutum, yana kuma kawo haraji daga kasuwa da shaguna, mu nan nisa ke ninka tsadar. Ko a rabon kuɗin tarayya tsakanin jihohi, yawan jama'a yana da kashi 30 cikin 100, faɗin ƙasa da yanayinta kashi 10 kacal.

Tsaro ma haka yake. Muna kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, daji yana da faɗi, jami'ai ba su da yawa, kuma ɓata-gari sun san cewa kafin agaji ya ratsa yashi ya iso, sun yi abin da za su yi sun wuce.

Muna roƙon ƙarin ma'aikatan lafiya da malamai tare da alawus na zaman karkara. Amma, ranka ya daɗe, ko duk za a jinkirta, a yi mana hanyoyin da za su haɗa Balle da Kurdula da Bachaka da Karfen Sarki da kwalta mai jure damina, a sanya su a kasafin kuɗin shekara mai zuwa, domin ta kansu ne mai naƙuda da buhun gero da motar soja za su bi. Allah ya ja zamaninka, ya mayar da kai gida lafiya.

Kwamitin Tarbar Baƙi, Balle