Guguwar rana ba zafi ba ce

Jama'a masu saurare, tun shekaranjiya wani vokal ke yawo a WhatsApp nan Damagaram, wai guguwar rana ta taso, kowa ya kashe salula da dare, wai ita ce ma ta kawo wannan zafin. Har a kasuwar Dole na ji mai shayi yana rantsuwa a kai. Haba jama'a! Zafin bazara tun kaka da kakanni muke shan shi.

Guguwar rana akwai ta, amma ba zafi ba ce, maganaɗisu ne. Ku tuna mayen ƙarfen da yara ke cirowa daga tsohuwar rediyo, ka haɗa biyu su yi ta ture juna, ka juya ɗaya sai ka ji ƙas sun manne. To haka abin yake a sama. Rana kan yi aman wani gajimare mai ɗauke da nasa maganaɗisu, ya ci kilomita miliyan 150 cikin kwana ɗaya zuwa uku ya iso mu, ita kuma duniya tana da nata, shi ne ke juya kibiyar da kuke neman alƙibla da ita. In na gajimaren ya zo yana duban arewa kamar namu, yawanci sai ya goga ya wuce. In ya juyo kudu, nan ne suke mannewa, ƙofa ta buɗe, ƙarfin ya kwararo.

Kuma wannan juyin ko masana ba sa tabbatar da shi sai ya iso taurarin ɗan adam da ke gadi a kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya, saura abin da bai kai awa guda ba ya iso mu. To shi mai vokal ina ya gano?

Za a ce ai tana ɓarna. Tana yi mana, ranar 13 ga Maris 1989 ta kashe kuran a Kebek ta Kanada awa tara, amma ta dogayen wayoyin lantarki ta bi. A Mayun 2024 an yi wata babba, salular wa ta ƙone a Birni ko Zango? Mu nan in ta taɓa mu, rediyon gajeren zango ne zai yi ta shuu, GPS ya ɗan ɓata hanya. Maganaɗisu ne jama'a, maganaɗisu! Don Allah ku daina tura vokal ɗin nan, tsofaffinmu na kwana da waya a kashe alhali ƴaƴansu na kira daga Agadas da Libiya.