Malami da diga a kan ƙubba: lacca kan farfagandar ƙin 'yan Baha'i a Iran

Assalamu alaikum. To jama'a tun kafin wani ya ɗaga hannu bari in faɗa, ban zo kare aƙidar Baha'i ba, wato addinin nan da ya ɓullo a Iran, ni Musulmi ne na san inda muka rabu da su, maganar cikamakin Annabawa ba abin wasa bace. Abin da ya kawo ni shi ne yadda ake amfani da rediyo da jarida da hoto a ɓata mutane har maƙwabcinsu ya daina yi musu kallon mutane.

Mu fara da 1955, cikin watan azumi. Akwai wani mai wa'azi Muhammad Taƙi Falsafi, gidan rediyon gwamnati ya ba shi fili kullum yana caccakar Baha'i, kuma ku riƙe wannan, lokacin Shah, sarkin Iran, ne ke mulki ba malamai ba. Ba a jima ba sojoji suka mamaye babbar cibiyarsu da ke Tehran aka hau rushe ƙubbarta, aka ɗauki hoton malamin riƙe da diga, aka ɗauki na manyan janar-janar suma da diga. Ku tsaya kan hoton nan kaɗan. Rawani ga shi, kakin soja ga shi, wato wanda ke ƙauye ko bai iya karatu ba ya gane saƙon, cewa duk wanda ya taɓa mutanen nan ba mai tambayarsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ubangidan da ake laƙaba musu kullum canjawa yake. Da farko aka ce Rasha ce ta ƙirƙiro su, har aka fito da wasu takardu na jabu wai tarihin rayuwar jakadan Rasha Dolgorukov, masana sun daɗe da nuna ƙirƙira ce amma har yau ana jawo ta. Da Ingila ta zama abar tsana sai suka koma yaran Ingila. Yanzu kuma 'yan leƙen asirin Isra'ila, hujjar wai hedkwatarsu na Haifa. To ɗan'uwa yi lissafi mana, Daular Usmaniyya ce ta kai Baha'ullah, wanda ya kafa addinin, garin Akka da ke kusa da Haifa a matsayin fursuna a 1868, can ya rasu a 1892, ita kuwa Isra'ila sai 1948 aka kafa ta, shekara 80 cif bayan an kai shi Akka. Amma wa zai tsaya lissafi idan an riga an manna musu tauraron Isra'ila a hoto?

A 2011 ofishin Baha'i na duniya ya fitar da rahoto, sun tattara sama da rubuce-rubuce da shirye-shirye 400 cikin wata 16 daga kafofin da ke kusa da gwamnati. A cikin hotunan har da na wani dodo mai baƙar alkyabba an haɗa shi da wurin ibadarsu. Kuma ba za ka ji an ce musu addini ba, sai "ɓatacciyar ƙungiya", kundin tsarin mulkin ma sashe na 13 Zartushawa (mabiya tsohon addinin Farisa) da Yahudawa da Kirista kawai ya sani a matsayin tsirarun addinai, su kuwa da ake ƙiyasta sun kai wajen 300,000 ba su da filin da za su mayar da martani, ana zaginka a talabijin kai kana zaune a falo da 'ya'yanka kana kallo.

Bayan juyin 1979 an kashe sama da 200 daga cikinsu. Ran 18 ga Yuni 1983 aka rataye mata goma a Shiraz, ƙaramarsu Mona Mahmudnizhad shekararta 17, tana koyar da yara ne. A 1991 aka rubuta takardar sirri wadda Ayatullah Khamenei ya sa wa hannu, ta ce a toshe musu hanyar cigaba, a kore su daga jami'a da zarar an gane su. Na ga ana min alamar lokaci, bari in ƙara ɗaya, a watan Agustan 2022 an shiga ƙauyen Roshankouh a lardin Mazandaran da katafila aka rushe gidajensu, kwana kaɗan kafin nan ma'aikatar leƙen asiri ta fitar da sanarwar kama wasu 'yan Baha'i, zargin dai shi ne Isra'ila.

Malam na baya can, tambayarka.