Silikon a ƙarƙashi yake shiga

Kwanakin nan bidiyo ɗaya ake ta maimaitawa a TikTok da Facebook. Mutum ya hau rufi, ya matse silikon, gam ɗin nan na toshe ɗigo, kwalba guda a gindin bututun iska, ya shafe da yatsa, ya kalli kyamara ya ce an gama. Wani ma kwalta yake zubawa. Ruwan farko shiru, na biyu shiru, na uku sai ga tabon nan ya dawo a silin. Abin da ya hau da mu rufin nan yau ke nan.

[Hoto: bututu ya fito ta cikin kwano]

Wannan bututun shi ke fitar da warin magudanar banɗaki, kuma shi ke barin iska ta shiga don ruwa ya sauka ba gurnani. An huda kwano an fito da shi, aka sa masa hular roba a gindi. Rana ce ke cin robar. Ku dubi nan, ta bushe ta tsattsage har farce yana shiga.

Amma kafin ka cire komai, tabbatar nan ne matsalar. Ruwa yakan shiga ta wani wuri, ya bi katako ya yi tafiya, sannan ya ɗigo a wani wuri daban. Ka samu mutum ɗaya ya shiga silin da tocila, kai kuma ka riƙe tiyo. Fara jiƙa ƙasa da bututun, ka ba shi 'yan mintuna, sannan ka hau sama a hankali har na ciki ya yi maka magana.

Tsani kuma: duk tsawon mita 4, ƙafarsa ta ja baya mita 1, kansa ya wuce bakin rufi da kamar mita 1. Kada ka hau kwano mai raɓa. Ka taka layin sukuru, don nan ne katako yake a ƙasa.

[Hoto: ana kwance tsohuwar hula]

Kwance sukurorin, ɗaga tsohuwar hular, kankare tsohon gam har ƙarfe ya fito fes, goge ya bushe. Wannan ba sai na yi dogon bayani ba, kuna gani.

Sabuwar hular tana da zobba a jikinta, kowanne da ma'auninsa. Yanke ta yadda ramin zai fi bututun ƙanƙanta da kamar kashi 20 cikin 100. Bututu mai milimita 100, rami ya zama kusan 80. Shafa ruwan sabulu, zura hular a kan bututun ka ja ta ƙasa, za ta kama shi gam. Gindinta yana da alminiyam mai laushi, sai ka danna shi da hannu ya bi tudu da kwarin kwanon. Zagaye shi da alli.

To, jama'a, a nan ake ɓata aikin. Ku tsaya da ni.

Ɗaga hular sama kaɗan. Silikon ɗin nan a ƙasan gindinta za ka zuba shi, cikin layin allin da ka ja, zagaye ɗaya wanda bai yanke a ko'ina ba. A cikin kwarin kwano ka ƙara masa kauri, domin nan ruwa ke gudu. Sannan ka sauke hular a kai, ka danna, ka ɗaure da sukuru masu 'yar roba a wuya, kamar santimita 5 tsakanin kowanne. Ga shi yana ɗan fitowa ta gefe. Haka ake so.

Me ya sa? Kwano ba ya zama wuri ɗaya. Da rana yana buɗewa, da dare yana tsukewa, ƙarar da kake ji yana yi da tsakar rana ke nan. Silikon da aka shafa a sama yana fuskantar rana kai tsaye, kwano yana ja, shi yana ja, har bakinsa ya ɗago. Da zarar ya ɗago, ya zama 'yar madatsa, ruwa ya taru a bayansa ya nemi hanya ta ƙasa. Na ƙarƙashi kuwa an matse shi tsakanin alminiyam da kwano, rana ba ta ganinsa, sukuru na riƙe da shi. Ni da kaina na taɓa yin na saman, kuma na kwana da bokiti a tsakar ɗaki, don haka ba gori nake yi wa kowa ba.

Ka kuma shinshina silikon ɗin kafin ka yi amfani da shi. In yana wari mai tsami kamar binega, ajiye shi, wannan yana cin kwano ya kawo tsatsa. Nemi wanda aka yi don rufin ƙarfe. Sukurun ma kada ka ɗaure shi har robar ta fashe ta baje.

[Hoto: ta saman bututun]

Dubi gefen da ke kallon sama. In gindin hular mai kusurwa huɗu ne, juya shi kusurwa ɗaya ta kalli tudun rufi, ruwa ya rabu biyu ya wuce. Kada ka toshe kwarin gaba ɗaya.

Masu rufin falle-falle da ake jerawa ɗaya kan ɗaya, naku ya ɗan bambanta: rabin farantin gindin hular na sama ya shiga ƙarƙashin fallen da ke samansa, rabin ƙasa ya hau kan na ƙasa.

Bar silikon ya kwana ya bushe. Gobe a sake kunna tiyo, mai tocila ya koma silin. Ni dai zan sauka, kwanon nan ya fara ƙona min tafin ƙafa.